Romon Tirrick

A Stromness, ƙarfe uku da rabi, rana ta riga ta naɗe kayanta.
Jirgin ruwan Scrabster bai tashi ba yau, iska ta hana.
Na sauko da gwangwanin biskit daga saman kabad,
wanda Thora take tara maɓallai a ciki, da can.
Yanzu ragowar abin taunar Tirrick ne ya cika shi:

guntun kunnen zomo, har da gashinsa,
busassun ƙafafun agwagwa uku, a dunƙule kamar masu ɓoye kwabo,
maƙogwaron sa da ta ci rabi ta gaji,
murɗaɗɗiyar fatar kifi,
sai ƙashin gwiwa da ta yi hunturu biyu tana lallaɓawa
har ya yi sumul kamar dutsen bakin teku.

Shekarunta goma sha huɗu.
Cikin haƙoran da suka taɓa tsinka igiyar kwalekwale
likita ya cire biyar a watan jiya,
ya miƙo mini su a 'yar leda. Na rasa yadda zan yi da su.
Yanzu takan ɗauki ƙashi ta kai gaban murhu,
ta ajiye, ta kwanta, ta zuba masa ido
kamar mai jiran a karanta mata wasiƙa.

To, abin da ya gagari haƙori, bari mu kai wa wuta.

Na juye su a babbar tukunya, ruwa ya sha kansu.
Cokali ɗaya na ruwan tsamin tuffa. Karas biyu.
Hannuna ya kai ga albasa ban aike shi ba,
sabo ne, na janye:
albasa guba ce a cikin kare. Gishiri ma na bar shi.
Na rage wuta har ta zama kamar ƙwayar ido,
tukunya na numfashi, ba ta magana.

Ba zan ce ƙamshi ba ne.
Wari ne na bayan mahauta da na tashar masunta a haɗe,
ya shiga labule, ya shiga rigar sanyina.
Duk da haka da Rognvald, ɗan maƙwabta, ya kawo mini gawayi,
kafin in juyo ya tsoma ludayi ya kurɓa.
Ya yi shiru. Ya ce, "Erlend, da sauran gishiri."
Ban gaya masa ba. Tirrick ce ta harare shi.

Kwana guda cur a kan wuta.
Sau biyu na tashi cikin dare in ƙara ruwa,
sau biyu na tarar da ita zaune a ƙofar kicin,
hanci sama, tana gadi.

Da na tace, sai na naɗe ƙasusuwan a jarida.
Dafaffen ƙashi tsagewa yake, ya yanka hanji,
ba a ba kare, komai roƙonsa.
Ta bi ni har bakin shara, tana kallona kallon ɓarawo.

Na bar kwanon a dokin ƙofa, sanyi ya yi aikinsa.
Da safe kitse ya yi farar hula, na yaye.
A ƙasa romo ya daskare, ruwan zuma, yana rawa in an taɓa.
Rabi na zuba a farantin ƙanƙara, gida goma sha biyu,
kwana goma sha biyu ke nan.
Ban ƙirga gaba da haka ba.

Sauran na ɗumama, na gwada da ɗan yatsa.
Na durƙusa, gwiwata ta yi ƙara, tata ma ta yi.
Ta sha, ta sha, harshe na dukan kwano,
kunnenta ɗaya ya faɗa ciki bai dame ta ba.
Ta tura kwanon da hanci har ƙarƙashin tebur,
ta dawo ta goge bakinta a wandona.

Ƙashin gwiwar nan kuwa, na koma na ciro shi.
Yana cikin gwangwani, can sama inda ba ta kaiwa,
shi da haƙora biyar
da maɓalli ɗaya kore da ya maƙale a lungu.